Daga Ƙofar Wambai Zuwa Farm Centre: Ina Waƙoƙinmu Suka Koma?

Duk wanda ya san Kano ya san cewa kowace kasuwa da abin da ta yi suna a kai. Kantin Kwari ta atamfa da shadda ce, Dawanau ta hatsi, Singa ta kayan masarufi, 'Yankaba ta kayan miya, Kurmi kuwa ita ce uwa, mai ɗauke da tarihin fatauci na ɗaruruwan shekaru. Kasuwar Ƙofar Wambai, wadda ke gabashin tsohon birni tsakanin Ƙofar Mata da Ƙofar Mazugal, tana fuskantar Fagge, yaran yau sun fi saninta da gwanjo da takalma da robobi da zaren ɗinki. Amma mu da muka haura shekara arba'in mun san wata Ƙofar Wambai dabam, wadda kunne ke riga ƙafa isa gare ta. Tun daga bakin titi mutum zai fara jin kalangu na karo da ƙira'a, fiyanon waƙar fim na hawa kan muryar mai wa'azi, kowane shago ya ƙure sifikarsa yana kiran ciniki.

A nan cibiyar kaset ta Arewa take a shekarun 1980 da 1990, daga baya kuma ta zama cibiyar faifan CD da na bidiyo. A shagunan da ke lungunan ciki akan jera injinan ɗauka bisa kanta, suna ta juyawa, suna kwafe murya daga uwar kaset zuwa ɗaruruwan 'ya'ya. Daga nan dillalai ke cika kwalaye su nufi tasha, wasu Sakkwato, wasu Maiduguri, wasu su tsallaka Maraɗi da Damagaram, wasu kuma kayansu sai zangon Kumasi a Gana ko Garwa ta Kamaru. Da fim ɗin Hausa na bidiyo ya kunno kai da Turmin Danya a 1990, sana'ar ta tarar da hanyar da 'yan kaset suka riga suka share, ta bi ta har cikin ɗakunan mutane. Brian Larkin, masanin da ya yi bincike a Kano ya kuma wallafa littafinsa Signal and Noise a 2008, ya bayyana tsarin cinikin wancan lokaci: mai shirya fim kwalin kaset yake bugawa, ya sayar wa ɗan kasuwa, shi kuma ɗan kasuwa ya kwafi kaset da kansa ya zura a kwalin. Wato haƙƙin mai fasaha a jikin takarda yake rataye. Tsari ne mai cike da giɓi, mawaƙa da 'yan fim sun sha kokawa da shi, amma da shi muryoyin Hausa suka zagaye Afirka ta Yamma.

Kwanakin baya na shiga kasuwar da wata buƙata ƙarama. Ina neman waƙoƙin Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun masu tsabtar sauti, domin darasin waƙar baka da nake yi wa ɗalibai. Layin da na sani da faifai na tarar ana sayar da caja da murfin waya da takalman yara. Sai da na yi tambaya sau uku kafin aka nuna mini wani dattijo a can ƙurya, wanda rabin shagonsa fitilun caji ne da ƙananan sifikoki, ɗaya rabin kuma faya-fayai ne da ƙurar hunturu fiye da ɗaya ta kwanta a kansu.

Na ce, "Sannu da kasuwa, Baba. Ko ana samun Ɗanƙwairo?"

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Malam, wanne daga ciki? Na fada kake so ko na noma? Wanda aka ɗauka a gidan rediyo, ko wanda aka ɗauka a filin wasa?"

Wannan tambaya ta zaunar da ni a benci kusan awa biyu. Dattijon ya san wace ɗauka ce ta fito daga uwa mai kyau, wace ce jikar jika wadda sautinta ya dusashe saboda yawan kwafa. Ya san waƙar da aka datse wutsiyarta domin ta shiga kaset mai minti 60, ya kuma san inda cikakkiyarta take. Ya bambance mini waƙoƙin da Ɗanƙwairo ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello da waɗanda ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, yana ambatar lokacin da kowace ta shigo kasuwa. Babu kundi a gabansa, babu kwamfuta. Duk abin a kansa yake. Da na tambaye shi wa zai gaji shagon, sai ya yi murmushi ya ce 'ya'yansa duk waya suke sayarwa. Masu zuwa wurinsa yanzu, in ji shi, direbobin tsofaffin motoci ne da dattawa irinsa da 'yan ƙauye jefi-jefi. Ya kuma gaya mini cewa maƙwabtansa da suka sauya sana'a, da wuri ya yi musu kaɗan, buhu-buhu suka kwashe kaset suka bai wa 'yan jari-bola.

Daga nan na nufi Farm Centre da ke Tarauni, babbar kasuwar waya ta Kano, domin in ga inda cinikin ya koma. Hayaniyar can iri dabam ce. Masu gyara sun duƙufa a kan allon waya da ƙaramin sukundireba, masu talla na tare hanya, a gefe kuma ga samari zaune ƙarƙashin lema, kowa da kwamfutarsa a cinya. Su ne masu turi. Ka miƙa waya ko memori, ka biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a cika maka da waƙoƙi ɗaruruwa cikin 'yan mintuna. Waɗannan samari, tare da Bluetooth da manhajar Xender, su suka yi wa faifai jana'iza a Arewa tun kafin yawancin mutane su fara sauraro ta intanet. Na tambayi ɗayansu ko yana da faifai, ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, ko wannan kwamfutar da ke gabana ba ta da wurin saka shi."

Sai dai su ma masu turin kuka suke yi, domin abin da suka yi wa 'yan Ƙofar Wambai shi ake yi musu. Matashin da ke da data ba ya bukatar kowa ya tura masa komai. YouTube na nan, Audiomack na nan, Boomplay da ta fara aiki a Nijeriya a 2015 tana zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel tun daga kwali, Spotify kuma da ta fara a Suwidin a 2008 ta iso Nijeriya a 2021. A cikin rayuwar mutum ɗaya mun ga faifan garmaho, mun ga kaset, mun ga CD, mun ga memori, yanzu kuma waƙa ta zama abin da ba a riƙewa a hannu sam. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, wannan ba abin musu ba ne. Tambayar da ta rage ita ce ta magidanci mai son sauraro a falonsa, da ɗalibi mai son sanin harshensa: me aka samu a wannan sauyi, me kuma aka bari a baya?

Mu fara da sauti, tunda a kansa masu son faifai suka fi kafa hujja. Kamfanonin Sony na Japan da Philips na Holan ne suka haɗa hannu suka ƙirƙiro faifan CD, ya shiga kasuwa a 1982. Faɗinsa santimita 12, yana ɗaukar minti 74 zuwa 80. Hasken leza ke karanta shi, babu allurar da ke gogarsa kamar garmaho, don haka yawan sauraro ba ya cinye shi. Ana auna sautin sau 44,100 a kowace daƙiƙa, a adana shi ba tare da an zubar da komai ba, abin da ke kai wa kilobit 1,411 a daƙiƙa. Sauraro ta intanet kuwa a bisa al'ada matse sauti yake yi, ya yar da sassan da ake ganin kunne ba ya cika lura da su, ya aiko da kilobit 320 in an yi sa'a, ko ƙasa da rabin haka in ana tattalin data. A kan na'ura mai kyau, cikin ɗaki mai shiru, mai kunnen kiɗa yakan ji bambanci a wurare masu laushi, kamar amon da ke biyo bayan bugun kalangu ko kaɗawar tsirkiyar kuntigin Ɗan Maraya Jos.

Amma gaskiya ɗaya ce, wannan hujja ba ta da ƙarfi a gidajenmu kamar yadda take da shi a takarda. Yawancin faya-fayan da muka saya a Kano ba su taɓa kai wancan matsayi ba. Da yawansu daga tsohon kaset aka kwafo su, da shuu ɗinsa da komai, wasu kuma matsattsun waƙoƙi ne na MP3 da aka cusa guda ɗari a faifai ɗaya. Sa'annan wanda ke saurare ta ƙaramar sifika mai Bluetooth, janareton maƙwabci na ruri a bayan taga, ba zai bambance kilobit 320 da 1,411 ba, domin Bluetooth ɗin ma sake matse sautin yake yi. Su ma kamfanonin intanet sun fara rufe giɓin, Apple Music ta fara bayar da sauti marar matsi tun 2021, sai dai awa guda ta irin wannan sauraro takan ci ɗaruruwan megabait, abin da ba kowane aljihu ke ɗauka ba. A taƙaice, ingancin sifika da shirun ɗaki sun fi tasiri a kan abin da kunne zai ji fiye da inda waƙar ta fito. Da sauti ne kaɗai abin dubawa, da ban ɓata wa mai karatu lokaci ba.

Ta fuskar sauƙi kuwa, intanet ta yi nasara, babu ja. Mawaƙin da ya gama aiki a situdiyo a Zoo Road da magariba, kafin asuba Bahaushen Jidda da na Khartum da na Landan sun ji shi, ba tare da ya durƙusa wa wani ɗan kasuwa ba. Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta mamaye ƙasar Hausa a 2020, a lokacin kullen korona, sa'ad da kasuwanni ke rufe, abin da ba zai yiwu a zamanin kwali ba. Matar da ke cikin gida, wadda da sai ta aiki yaro kasuwa ya sayo mata abin da ya ga dama, yanzu ita ke zaɓar abin da za ta ji. Faifai ba ya karcewa a hannun yara, ƙura ba ta toshe idon na'ura, ba a neman kantar ajiya. A duniya baki ɗaya, kusan kashi biyu bisa uku na kuɗin da ake samu daga waƙoƙin da aka ɗauka yanzu ta wannan hanya yake shigowa. Duk wanda ya ce a koma baya, mafarki yake yi da rana.

To amma a duba yadda ake raba kuɗin. A Spotify, ana ƙirga cewa an saurari waƙa da zarar ta yi daƙiƙa 30 tana tafiya. Ana tara kuɗin wata da na talla na kowace ƙasa a tukunya ɗaya, a raba bisa yawan sauraron da kowa ya samu, don haka sauraro daga ƙasar da kuɗin wata ke da arha ba ya kawo abin da na Amurka ko Ingila ke kawowa. Tun daga 2024 kuma, waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a cikin wata goma sha biyu ba, ba ta samun ko sisi. Abin lura a nan shi ne, waƙa mai minti biyu da mai minti ashirin duk ƙirge ɗaya ake yi musu. Waƙar Hausa ta gargajiya kuwa doguwa ce bisa ɗabi'arta. Jagora yana jan baiti, 'yan amshi suna karɓa, ana komawa gindi, ana saƙa zambo da habaici da kirari a hankali har ma'ana ta nuna. Ma'aunin da ke saka wa gajarta yana koya wa matashin mawaƙi cewa ya kai ga amshi kafin daƙiƙa 30, ya gama kafin minti uku. Kaset mai minti 60 yakan datse wutsiyar waƙa bayan an yi ta, wannan ma'auni kuwa tun a cikin kan mawaƙi yake datse ta.

Babban bambancin dai yana wurin mallaka. Duk Bakano ya san ruwan famfo ya fi sauƙi, amma ya kuma san dalilin da ya sa uwar gida ba ta rabuwa da randa. Sauraro ta intanet famfo ne, faifai randa. Wanda ke biyan kuɗin wata bai sayi waƙa ko ɗaya ba, izinin ji ya saya, kuma izinin yana ƙarewa ranar da ya daina biya, ko ranar da data ta ƙare, ko ranar da sabis ya ɗauke. Ko yana biya ma, waƙa na iya ɓacewa daga jerinsa saboda yarjejeniyar da ke tsakanin kamfani da mai haƙƙi ta ƙare, ko saboda an rufe shafin wanda ya ɗora ta. Wannan ba zato ba ne. A 2019 kamfanin MySpace, wanda a da shi ne babban dandalin mawaƙa a intanet, ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙin da aka ɗora masa daga 2003 zuwa 2015 yayin sauya na'urorin ajiya, kimanin waƙoƙi miliyan 50. Faifan da ke cikin durowa ba ya neman izinin kowa. Ana iya ara wa aboki, ana iya yin kyauta da shi, ana iya barinsa gado. Jerin waƙoƙin da ke cikin manhaja ba ya shiga rabon gado. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ga mai sauraron kiɗan Turai wannan matsala ce ƙarama, domin manyan kamfanoni sun adana uwayen faya-fayansu sun kuma ɗora kusan komai. Mu namu ya sha bamban. Manhaja ba ta da abin da ba a ɗora mata ba, kuma wa zai ɗora? Alhaji Mamman Shata, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999 ya bar waƙoƙin da ƙirga su ma aiki ne. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Barmani Coge a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Mai karatu ya gwada neman su a wayarsa. Zai sami shahararrun, sau da yawa a YouTube, inda wani mai kishi ya kwafo daga kaset ya ɗora don Allah. Amma zai tarar da suna ɗaya an rubuta shi iri uku ko huɗu, domin ƙugiyar ɗ da ƙ takan faɗi a hanya. Zai tarar da waƙa babu shekara, babu wurin da aka ɗauka, babu sunan 'yan amshi, wani lokaci ma an ba ta sunan da mai ita bai sani ba. Idan ya gangara zuwa su Uwaliya Mai Amada da Haruna Uji da Ali Makaho da Sani Sabulu da Ɗan Anace, abin zai ƙara yin ƙaranci. Makaɗan ƙauye na noma da dambe da farauta da ɗaka, waɗanda wani mai rakoda ya ɗauka a wurin biki ya kawo kasuwa, mafi yawansu ba su taɓa hawa intanet ba.

A nan ne na fahimci abin da Ƙofar Wambai ta kasance. Ba wanda ya naɗa ta, ba gwamnatin da ta ware mata kasafi, amma ita ce babbar ma'ajiyar muryoyin Hausa ta rabin ƙarni. Neman riba ya sa 'yan kasuwa suka adana uwayen kaset, neman ciniki ya sa suka haddace abin da ke cikinsu. Da ribar ta tafi, dalilin ajiyar ya bi ta. Manhaja kuma, ban da rashin kayan, ba ta iya tambayar da dattijon nan ya yi mini. Abin da mutane suka fi saurara shi take turo maka, wanda aka turo shi ake ƙara saurara, ta haka sananne ke ƙara sanuwa, wanda aka manta kuma ya ƙara nutsewa.

Wani abin mamaki shi ne waɗanda suka riga mu shiga wannan zamani ba su fasa randarsu ba. A Japan, inda aka fara sayar da CD, faifai har yanzu yana riƙe da babban kaso na cinikin waƙa, kuma shagon Tower Records mai hawa-hawa da ke unguwar Shibuya a Tokyo yana nan yana ciniki, duk da cewa uwar kamfanin a Amurka ta durƙushe tun 2006. A Amurka, faifan garmaho da aka yi wa kallon gawa ya farfaɗo, har yawan wanda aka sayar a 2022 ya zarce na CD a karon farko tun 1987. Har mu ma abin ya shafe mu. Wani ƙaramin kamfani mai suna Sahel Sounds da ke birnin Portland a Amurka, wanda Christopher Kirkley ya kafa, ya tattara waƙoƙi daga memorin wayoyin mutane a arewacin Mali ya fitar da su a faifai a 2011, sannan a 2013 ya fitar da tarin waƙoƙin finafinan Hausa mai suna Harafin So a faifan garmaho. Wato a daidai lokacin da muke kwashe namu muna bai wa 'yan jari-bola, wani a can ƙetaren teku yana buga su a faifai, da kwali, da bayanin mawaƙa.

Akwai kuma abin da ya shafi gidan kansa. A gidajen da muka tashi, rakoda ɗaya ce, a zaure ko a tsakar gida, kuma abin da aka saka kowa shi zai ji. Yaro yana wasa a gefe kalmomi na shiga kunnensa. Ya ji Ubandawaki da Magajin Gari da Sarkin Fada, ya ji sunayen garuruwan da bai taɓa zuwa ba, ya tambayi ma'anar wata kalma, kaka ta bayyana masa, wani lokaci har da labarin wanda aka yi wa zambon. Makaranta ce da ba a yi mata rajista. Faifai, kamar kaset, yana tilasta haƙuri: ka tashi ka zaɓa, ka saka, ka zauna ya tafi bisa tsarin da mai shi ya jera. Yau a falo ɗaya za ka ga mutum biyar, kowa da iyafis a kunne, kowa a duniyarsa, yatsa na tsallake waƙa kafin ta kai gindi. Ana iya haɗa waya da babbar sifika, ana kuwa yi, amma waya ta mutum ɗaya ce. Kira zai shigo, talla za ta katse, mai ita zai tashi ya fita da ita. Ina ganin sakamakon a aji, inda ɗalibin da ya haddace waƙoƙin bana kaf yake kasa fassara baiti guda na waƙar fada, alhali Hausa ce harshen da ya sha a nono.

Duk da haka kada a ɗauka faifai dawwamamme ne. Wanda aka buga a masana'anta yana da ƙarko, domin an zana bayanan a jikin robar kanta. Wanda aka ƙona a kwamfuta, wato irin da ya cika kasuwanninmu, wani rini ne a cikinsa ke riƙe da bayanan, kuma zafi da hasken rana suna cin rinin. Kaset shi ma zarensa yana manne wa juna, yana yin fumfuna da damina. Zafin watan Afrilu a shagon kwano ba ya raga wa ko ɗaya. Ma'ana, abin da ya rage a Ƙofar Wambai da cikin akwatunan iyayenmu yana da wa'adi, haka ma dattawan da suka san abin da ke ciki.

Saboda haka shawarata ga magidanci mai sauƙi ce. Ya saurari sabon abu ta intanet, ya more sauƙin, amma abin da yake ƙauna ƙwarai, wanda yake so jikokinsa su ji, ya mallake shi. Kada ya zubar da kaset da faya-fayan gidansu. Ya sa a kwafe su a kwamfuta ba tare da matsi ba, ya ajiye kwafi biyu a wurare biyu, ya rubuta sunan mawaƙi da na wanda aka yi wa waƙar da duk abin da manya suka tuna game da ita. Ya kuma ware wani lokaci, ko da daren Juma'a ne, da za a ajiye wayoyi a saurari abu ɗaya tare.

Babban aikin kuwa na cibiyoyi ne. Muna da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya a Jami'ar Bayero, muna da Gidan Arewa a Kaduna, muna da Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa, muna da gidajen rediyon Kaduna da Kano da Sakkwato waɗanda suka ɗauki manyan makaɗa tun suna da ƙuruciya. Abin da ake bukata bai fi ƙarfinsu ba: a sayi abin da ya rage a hannun tsofaffin 'yan kaset da farashin mutunci, a zauna da su a naɗi bayanansu, a mayar da sautin zuwa kwamfuta bisa ƙa'ida, a tsara sunaye da rubutun Hausa daidai, sannan a nemi magada a yi yarjejeniya, domin in an ɗora a intanet a ɗora da sunan masu haƙƙi, ɗan abin da ya shigo ya isa gidajensu. Mu malaman jami'a muna da hannun aiki a shirye. Kowace shekara ɗalibai na neman batun kundin kammala digiri, da yawa suna maimaita abin da aka riga aka rubuta. Ɗalibi guda da zai ɗauki shago guda ya tsara abin da ke cikinsa, ya yi wa harshen Hausa hidimar da za a daɗe ana cin moriyarta.

Intanet hanya ce mai kyau ta rarraba waƙa, amma ba a gina ta domin ta riƙe mana amana ba, kuma kamfanin da ke Stockholm ko Kalifoniya ba shi da alhakin tuna wane ne Ɗan Anace. Wannan alhaki namu ne. Kayan aro, in ji masu iya magana, ba ya rufe katara. Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka bar mana wannan dukiya, mu kuma Ya ba mu ikon miƙa ta ga na baya.